Kundin Aikin Ƙananan Kofunan Jeli Masu Alewa Don Walimar Sauka

Asabar, 5 ga Afrilu, 2025

Yau Yaya ta zo gida bayan La'asar da wata buƙata wadda ban taɓa yin irinta ba a shekarun da na yi ina soya cincin da dubulan na biki. 'Yarta ta biyu za ta yi saukar Alƙur'ani, an tsayar da walima ranar Asabar, 10 ga Mayu, kuma yarinyar ta roƙi a yi wa ƙawayenta ƙananan kofunan jeli masu launi, waɗanda ake ɗora wa alewa a sama. Yaya tana son kofi 200. Na karɓi aikin bisa sharaɗin cewa za ta bar ni in yi gwaji na wata guda, domin ba na son in koyi abu a ranar da jama'a suka cika tsakar gida.

Asalin wannan abu na Amurka ne. A can, manya ne suke yin sa a wuraren shagali, suna haɗa garin jeli irin na Jell-O, wanda aka fara yi a jihar Niyok a 1897, da barasa, su zuba a ƙananan kofuna. Namu babu ɗigon barasa a ciki, kuma abin da muka ɗauko daga wurinsu shi ne siffar kawai: ƙaramin kofi, jeli mai sheƙi, alewa a kai. Niyyata ita ce in yi shi da zoɓo da mangwaro, tunda mangwaro ya fara cika kasuwa.

Litinin, 7 ga Afrilu

Na shiga Sabon Gari wajen masu sayar da kayan kek. Garin jeli na fakiti yana nan kala-kala, amma duk wanda na juya bayansa sai in ga an rubuta jelatin kawai, ba a faɗi daga wace dabba aka samo shi ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Jelatin daga fata da ƙashi ake tatso shi, kuma kaso mai yawa na wanda ake yi a duniya daga fatar alade ne, sauran daga fatar shanu da ƙashinsu, kaɗan daga kifi. Malamai sun yi saɓani a kan ko sarrafawar da ake yi masa ta fitar da shi daga hukuncinsa na asali, amma abincin walimar sauka ba wurin shiga saɓani ba ne. Na ci gaba da dubawa har na sami jelatin zalla mara ɗanɗano, wanda aka rubuta na saniya ne, da tambarin halal.

Na biya naira 4,500 a kan giram 100. Na sayi kofunan roba masu murfi, masu cin mililita 60, guda 50 a kan naira 2,750, da ƙaramin sikelin kicin a kan naira 7,000, domin na lura ba za a yi wannan aiki da awon ido ba.

Umma da na nuna mata garin, na yi mata bayani, sai ta ce ashe abin da yake sa romon ƙafar sa ya daskare a tukunya idan ya kwana lokacin hunturu ke nan. Gaskiyarta kuwa, shi ne, sai dai an tace shi an busar.

Talata, 8 ga Afrilu

Gwajin farko bai yi ba. Na dafa zoɓo yadda na saba, na tace, na zuba ruwan ɗanyar abarba da na markaɗa da ɗanyar citta bayan ya huce, saboda haka ƙamshinsa ya fi fita. Na jiƙa jelatin giram 20 a ruwan sanyi har ya kumbura, na narkar da shi a ruwan ɗumi, na haɗa da zoɓo lita ɗaya, na zuba a kofi 22. Tun ƙarfe goma na safe suke cikin firji, kuma yau an bar mana wuta kusan yini guda, amma har bayan Isha'i ruwa ne tsululu. Na ɗauka jelatin ɗin ne ya lalace a shago.

Alhamis, 10 ga Afrilu

Laifin ba na jelatin ba ne. Ƙanena, wanda yake aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ya zo jiya da dare, ya ji abin da na zuba a zoɓon, sai ya warware mini matsalar. Ɗanyar abarba tana ɗauke da wani sinadari mai yanka furotin gunduwa-gunduwa, jelatin kuwa furotin ne, don haka tana cinye shi kafin ya kama. Ɗanyar citta da gwanda ma suna da makamancinsa. Shi ne dalilin da ya sa iyayenmu suke nannaɗe nama mai tauri da ganyen gwanda. Tafasa tana kashe wannan sinadari.

Yau na sake. Na tafasa abarba da citta tare da zoɓon na minti goma, sannan na tace. Awa huɗu a firji, jeli ya kama, yana rawa idan an girgiza kofin, launinsa ja mai duhu kamar garura ta yi kyau. Yara sun cinye kofi goma kafin Magariba. Asarar Talata ta kai jelatin giram 20, da zoɓo, da abarba guda.

Asabar, 12 ga Afrilu

Wannan ita ce ranar da ta fi damuna tun da na fara. Walimar a tsakar gidan Yaya za a yi, ƙarƙashin rumfa, daga bayan Azahar zuwa La'asar sakaliya, kuma babu wanda zai riƙa ɗauko kofi ɗai-ɗai daga firji yana miƙa wa yara 200. Saboda haka na fitar da kofi shida da ƙarfe biyu na rana, na ajiye su a inuwar zaure, na zauna da agogo. Zafin Kano a watan Afrilu yana kaiwa digiri 40, kuma yau bai rage komai ba. Bayan minti ashirin gefen jelin ya fara sakin kofi. A minti arba'in samansa ya zama ruwa. Kafin awa ɗaya ta cika, zoɓo ne kawai mai ɗan kauri a cikin kofuna.

Tun jiya da yamma na ƙara jelatin zuwa giram 30 a lita, na maimaita a kan rabin lita. Ya yi tauri kamar roba a baki, kuma da na fitar da shi yau da rana, abin da ya ƙara bai wuce minti goma sha biyar ba. Jelatin yana narkewa ne ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, wato kafin digiri 37, kuma wannan ne sirrin daɗinsa, domin yana narkewa a kan harshe. Amma a garin da iskarsa ta fi jikin mutum zafi, wannan sirri shi ne cikas. Waɗanda suka ƙirƙiro abin sun yi shi ne da tunanin ɗaki mai sanyi da firjin da ba a ɗauke masa wuta, mu kuwa a unguwarmu cikin makon nan sau uku muka kwana babu ita.

Na yi lissafin hayar kula manya da sayen ƙanƙara mai yawa. Za a iya, amma da zarar an miƙa wa yaro kofi ya tsaya hira da shi a hannu, ƙarshensa jan zoɓo a kan farar rigar sauka. Ban yarda da wannan ba.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Ban yi aiki ba. Na kira Yaya na faɗa mata gaskiyar abin da na gani, ta ce in ci gaba da nema, akwai sauran lokaci.

Laraba, 16 ga Afrilu

Ƙanena ne ya sake kawo mafita, kuma daga wurin aikinsa ya ɗauko ta. Ya ce a ɗakin gwaji ba da jelatin suke renon ƙwayoyin cuta ba, da wani abu ne da ake kira aga, wanda ake samu daga jar ciyawar teku. A farkon shekarun 1880, a Jamus, masu binciken da suke aiki tare da masanin ƙwayoyin cuta Robert Koch sun sha irin wahalar da nake sha, jelatin yana narke musu a cikin ɗumi, sai matar ɗaya daga cikinsu, Fanny Hesse, ta ba su shawarar aga, wanda ta sani daga girki. Mutanen Japan sun daɗe suna yin kayan zaƙi da shi tun ƙarni na 17. Ya ja kunnena cewa na ɗakin gwaji ba na ci ba ne, in nemi na abinci.

Abin da ya bambanta shi shi ne, yana kamawa idan ya sauko ƙasa da digiri 40, amma bayan ya kama ba ya narkewa sai zafi ya kai kusan 85. Kuma da yake tsiro ne, batun halal ya kau gaba ɗaya. Na sami garinsa a wurin wata mai sayar da kayan kek, giram 50 a kan naira 6,000. Yana da tsada, amma kaɗan ake sawa.

Alhamis, 17 ga Afrilu

Kuskure biyu na yi a yini ɗaya. Da safe na bi da shi yadda nake bi da jelatin, na narkar a ruwan ɗumi, sai ya kwanta a ƙasan kofi kamar tsaki, saman kuwa ruwa. Aga ba ya narkewa sai an tafasa shi sosai. Da rana na zuba shi kai tsaye a cikin zoɓo na bar shi yana tafasa kusan minti goma sha biyar don in tabbatar, sai jelin ya fito a sake, yana fashewa da taɓawar cokali. Tsamin zoɓo ne ya karya shi, domin aga ba ya jure doguwar tafasa a cikin tsami. Giram 12 suka tafi a banza.

Lahadi, 20 ga Afrilu

Alhamdu lillahi, yau na sami hanya, kuma zan rubuta ta daki-daki don kada ta ɓace mini. Ga lita ɗaya: a auna aga giram 8, a gauraya shi da sukari giram 150 tun suna bushe, domin hakan yana hana shi gudaji. A zuba a ruwa zalla mililita 400, a ɗora a wuta ana juyawa, idan ya tafasa a bar shi minti uku. A sauke. Sannan a zuba zoɓo mai kauri mililita 600 wanda aka ɗumama. Idan aka zuba shi da sanyi, aga yana daskarewa nan take ya zama zare-zare a cikin tukunya.

Kofunan roba ba sa ɗaukar ruwa mai tsananin zafi, guda uku sun lanƙwashe mini, don haka sai an jira ya huce har a iya riƙe jog ɗin da hannu ba tare da tsumma ba. Wani abin da ban zata ba shi ne, zafin gari yana hana shi kamawa da wuri. Waɗanda na zuba da ƙarfe uku na rana sun yi fiye da awa ɗaya ba su tsaya ba, saboda zafin kicin ɗin ya yi kusa da inda aga yake fara kamawa. Da na sa su a firji na minti ashirin suka tsaya, na fitar da su zaure, suka yi awa huɗu ba su motsa ba. Na tsayar da cewa aikin zuba bayan sallar Asuba za a yi shi.

Dole in faɗi abin da aka rasa. Jelin aga ba ya rawa, kuma ba ya narkewa a baki, karyewa yake yi a ƙarƙashin cokali. Na fi son laushin jelatin, kuma ba zan ce ɗaya suke ba. Amma wannan ne zai kai La'asar a tsakar gida.

Talata, 22 ga Afrilu

Na gwada giram 7 a lita. Ya fi laushi kuma bai zube ba. A kan 7 zan tsaya.

Asabar, 26 ga Afrilu

Yau ranar alewa ce, kuma na ɗauka ita ce mafi sauƙin sashe, sai ta ci mini yini. Na jera kofi goma sha biyu, na ɗora wa kowane biyu alewa iri ɗaya, na rufe rabinsu da murfi, na riƙa dubawa duk bayan rabin awa.

Jeli kusan dukansa ruwa ne, sukari kuma yana jawo ruwa, sannan shi aga yana ɗan tsattsafo da ruwa a samansa idan ya jima. Alewa mai tauri ta kanti ta fara narkewa cikin minti talatin, ta bar tabki mai danƙo. Ƙananan cakulan masu ɓawon launi su suka fi muni, domin launinsu ya zuba ya ɓata fuskar jelin, cikinsu kuma ya yi laushi saboda zafi. Alewar madara ta jiƙe ta zama kamar kunu daga ƙasa. Kantun riɗi ya yi awa ɗaya kafin ya daina ƙaras-ƙaras, kuma ɗanɗanonsa bai dace da tsamin zoɓo ba. Waɗanda aka rufe da murfi sun fi saurin lalacewa, domin gumin da yake taruwa a murfin yana ɗiga a kan alewar.

Biyu ne suka jure. Na farko alewa mai taushi irin wadda ake yi da siffar 'ya'yan itace ko dabbobi, ta yi awa biyu kafin ta fara kumbura da santsi. Sai dai ita ma da jelatin ake yin ta, don haka tambayar ranar 7 ga wata ta dawo. Na zaɓi wadda aka yi a Turkiyya, wadda aka rubuta jelatin saniya da tambarin halal a jikinta. Na kuma duba ko akwai jan launi mai lamba E120, wanda daga wani ƙwaro ake samun sa, tunda akwai masu ƙyamarsa, ban gan shi a ciki ba. Na biyu kuwa kwakumeti ne da na soya da hannuna. Man kwakwar yana kare shi daga ruwa, kuma launinsa na zinariya a kan jan zoɓo ya fi duk na kanti kyau a idona.

Hukuncin da na yanke shi ne, ba za a ɗora alewa a gida ba. Za a kai jeli a rufe, alewa a robarta daban, a ɗora a wurin walima minti talatin kafin rabo.

Litinin, 28 ga Afrilu

Mun ɗan sami saɓani da Yaya. Ita tana son a yi yadda yarinyar ta gani, a matse kofi jelin ya faɗa baki gaba ɗaya, ba cokali. Na ce mata, "Yaya, ki yi haƙuri, wannan ba zan yi shi ba. Akwai yara 'yan shekara uku da huɗu a cikin waɗanda za su zo." Jelin da ba ya narkewa a baki, idan ya tafi dunƙule guda, yana iya toshe maƙogwaron ƙaramin yaro. Tarayyar Turai ta hana sayar da wasu ƙananan kofunan jeli da ake zuƙa tun farkon shekarun 2000 saboda yaran da suka shaƙe da su. Namu ya fi waɗancan saurin karyewa, amma ban ga dalilin gwada sa'a ba. Ta yi shiru, sannan ta ce a sa cokali. Mun kuma amince cewa ƙananan yara kwakumeti za a ɗora musu, alewa mai taushi ta manya ce.

Alhamis, 1 ga Mayu

Na je 'Yan Lemo na sayo mangwaro. Na markaɗa, na tace zaren da rariya mai laushi, na bi hanyar zoɓo, sai dai na rage sukari zuwa giram 90. Ya fito sarai, kuma ya fi na zoɓo laushi a baki saboda naman mangwaron.

Na gwada hawa biyu, zoɓo a ƙasa, madarar kwakwa a sama. A karon farko na bar na ƙasa ya sandare a firji, sai na saman ya zame ya rabu da shi da zarar an sa cokali. A karo na biyu na zuba na saman lokacin da na ƙasa ya yi fata amma bai gama kamawa ba, sai suka manne. Matsalar ita ce jan zoɓo yana hawa cikin farin a hankali, kafin safiya ya zama ruwan hoda. A kan mangwaro ba ya yin haka. Don haka zoɓo zai tafi shi kaɗai, mangwaro zai sami farin hawa.

Lahadi, 4 ga Mayu

Na yi gwajin ƙarshe da kofi 40 don auna lokaci. Daga ɗora tukunya zuwa rufe murafe, minti hamsin da biyar, ni kaɗai. Lita biyu ita ce iyakar abin da zan iya zubawa kafin ya fara kamawa a jog, saboda haka aikin zai kasu tukunya biyar. Na raba kofunan ga maƙwabta.

Laraba, 7 ga Mayu

Na kammala sayayya don kofi 220, domin a sami rara. Kofuna 250 sun ci naira 13,750, cokula 3,000, aga giram 100 ya ci 12,000, sukari kilo uku 5,400, zoɓo da citta da kanumfari 1,500, mangwaro 4,000, kwakwa shida 4,800, alewa mai taushi fakiti uku 13,500. Na ware 3,000 don ƙanƙara da 2,500 don adaidaita sahu. Jimla naira 63,450, wato kowane kofi ya tashi kusan naira 290, ban da aikina da iskar gas. Abin da gwaji ya ci a watan jiya ya haura naira 25,000, kuma ban ɗora wa Yaya shi ba, tunda sikelin da ilimin duk a wurina suka zauna. Alewar kanti ita kaɗai ta kusa cin kuɗin kofuna gaba ɗaya, kwakumeti kuwa kwakwa uku da sukari kaɗan ya ishe shi.

Juma'a, 9 ga Mayu

Na soya kwakumeti jiya da dare, na zuba a roba mai murfi. Yau bayan Asuba ni da 'yata muka fara, muka gama ƙarfe goma saura kaɗan: zoɓo 120, mangwaro 100. Tukunya ta huɗu ta fara kamawa a jog saboda na tsaya amsa sallama, na mayar da ita wuta ta narke, na ci gaba. Wannan wata falala ce ta aga, ana iya sake narkar da shi, ko da yake na zoɓo ba zai so a maimaita masa ba. An ɗauke wuta ƙarfe ɗaya na rana. Na mayar da kofunan cikin kula biyu da ƙanƙara, ba don tsoron narkewa ba, sai don ruwan 'ya'yan itace da madarar kwakwa ba sa kwana a zafi.

Lahadi, 11 ga Mayu

An yi walima jiya lafiya, Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Kofi bakwai sun kife a adaidaita sahu saboda na jera su hawa uku ba tare da kwali a tsakani ba, murafensu suka buɗe. Sauran sun isa daidai. Mun goge ruwan da ya tsattsafo a saman kowane kofi da takardar kicin kafin ɗora alewa, kuma wannan ya ɗauke mu minti arba'in mu huɗu, fiye da yadda na tsara, har aka fara rabon abinci ba mu gama ba. Babu kofi ɗaya da ya narke har bayan La'asar. Na mangwaro ya riga ƙarewa. Na zoɓo ya yi saura goma sha ɗaya, kuma wata malamar makarantar ta ce mini ya yi wa yara tsami, abin da na yarda da shi.

Wata maƙwabciyar Yaya ta nemi kofi 100 don suna bayan Babbar Sallah. Kafin lokacin zan gwada zoɓo da sukari giram 180, in gwada tsamiya da kankana, in kuma haɗa aga giram 5 da jelatin kaɗan in ga ko za a sami ɗan laushi ba tare da ya zube a rana ba. Mangwaro zai ja baya a lokacin, don haka gobe zan markaɗa wanda ya rage in sa a firizar Yaya, tunda su suna da sola. Zan kuma nemi kwalaye masu ramuka irin na ɗaukar ƙwai, in auna ko kofunan za su zauna a ciki.